Hoton Kawu a Kan Fuskar Gwaggo

Ku ɗan ajiye min tambayar nan ta "yaushe ne biki", ku da kuka cika min akwatin saƙo da ita. Asabar mai zuwa dangin Tomasi za su zo gidanmu neman aurena, kuma a yanzu da nake muku rubutun nan ban san ko za a buɗe musu ƙofa ba. Akwai wadda ta rubuto min wancan karon wai na cika taurin kai, in sassauta. Baiwar Allah, ki karanta na yau, za ki ga ashe da can wasa nake yi.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Heilala, a gida Lala. Shekarata ashirin da shida, ina aikin jinya a gidan kula da tsofaffi a Blacktown. Tomasi kuwa shi ne mutumin da nake so, kuma ba na jin kunyar rubuta hakan. A ofishin motocin bas yake aiki, shi ke tsara wace mota za ta tashi da wane lokaci. Shiru-shiru ne, irin mutanen nan da ke goge ƙafa kafin su shiga gareji. Baba ya yi na'am da shi. Mama har ta fara ware masa ƙunshin ganyen gwaza mafi maiƙo tana cewa wai ragowa ce.

Sai dai a gidanmu, bisa al'adar tsibirin da muka fito, yardar Baba ƙaramin rabi ce. Babban rabin yana hannun yayarsa, Gwaggo Kalolaine. Ita ce fahu ɗinmu, babbar 'yar uwar uba, wadda ke zama sama da kowa a duk taron da ya shafe mu. Tabarma mafi kyau tata ce, hawan kek na can sama nata ne, in kuma ta ce a'a ga mai neman 'yar ƙaninta, maganar ta mutu ke nan. Baba da furfurarsa, mutumin da ke tuƙa tirela daga nan har Melbourne, ko a waya ta kira shi sai ya kashe talabijin ya gyara zama. 'Ya'yanta ma sama suke da mu. Autanta Filimone ya taɓa shigowa ya ga sabon takalmin ƙanena Isileli, ya zura ƙafa ya fita da shi, Mama tana ce masa ya gaida gida. Kawu Manase kuma, ƙanin Mama, shi ne a can ƙasa. A taronmu wurinsa gaban wuta ne, da gashin alade da wanke tukwane.

Dama Gwaggo ba ta taɓa cewa tana son Tomasi ba. Ranar da aka kai mata labarinsa cewa ta yi, "Ɗan wane tsibiri ne ma? Wanda jirgi ke mantawa da shi?" Amma ba ta ce a'a ba, mu kuma muka riƙe wannan da hannu biyu.

To, Asabar ɗin da ta wuce Isileli ya cika shekara ashirin da ɗaya, aka kama zauren coci a Mount Druitt. Tomasi ya ce shi zai haɗa hotunan da za a haska a majigi. Ya yi ta zama bayan an tashi aiki yana yi a babbar kwamfutar ofishinsu, yana turo min saƙo: "Tambayar min Mama, hoton Gwaggo na taron coci ya fi ko na filin jirgi?" Na san abin da yake yi sarai. Neman aure yake da hotuna, tunda da baki ba iyawa ya yi ba.

Shafin dangi shi ya fi cin lokacinsa. Shafi ɗaya ya yi musu duka, don waƙar yabo guda ta ɗauke su daga farko har ƙarshe. Hoton Gwaggo zai fara fitowa, babba, daga kai har ƙafa, sunanta a ƙasa da ruwan zinare. Zai daɗe a bango kowa ya ƙoshi da kallo. Sai ya dusashe a hankali, na gaba ya shigo, shi ma ya dusashe, kowa a matsayinsa, har a kai ga Kawu Manase a ƙarshe. Tun tsakiyar mako Tomasi ya faɗa min, "Wannan fa sai a cikakkiyar kwamfuta za a buɗe shi." Na ce kada ya damu, ai Gwaggo da bakinta ta ce ɗanta Filimone zai zo da tasa ya kula da majigi, tunda shi ya karanci kwamfuta. Zango ɗaya ya yi a makarantar ya gudu, amma wa zai tuna mata?

Ranar taro na saka doguwar riga shuɗiya mai zanen farin fure, irin wadda aka ɗinka wa 'yan gida, na ɗaura tabarmar ƙugu mai laushi, irin wadda muke ɗaurawa a kan kaya don girmama taro, na naɗe gashina sama. Gwaggo tana babban tebur ita da limamin coci, an shimfiɗa mata zanen ɓawon itace har ƙarƙashin ƙafa, an rataya mata fure a wuya. Aka yi addu'a mai tsawo, aka ci, 'yan mata suka yi rawa jikinsu yana ƙyallin man kwakwa. Lokacin majigi ya zo, babu Filimone. Can sai ga shi yana taku ɗai-ɗai, sabuwar riga, tabarau a goshi, hannu yana dukan cinya.

"Ina kwamfutar?" na tambaye shi ƙasa-ƙasa ina kallon gefe. Ɗan gwaggo kamar yayanki ne na ciki ɗaya, ba a tsare shi da ido.

"Af!" ya ce, ya dafa goshi. "Tana gida, na sa ta caji. Ke ba ga allon nan naki ba? Ai duk ɗaya ne."

Ya wuce teburin abinci abinsa.

Mama ta taso da sauri tana riƙe da gefen tabarmarta. "Lala, Gwaggonki ta fara duba agogo. Ki yi wani abu, don Allah."

Na leƙa baya. Tomasi yana can da Kawu suna sauke alade daga wuta, hannunsa duk maiƙo har gwiwa, wayarsa a mota. Na ciro allon da Filimone yake nufi, wato tab ɗina, daga jaka, wanda nake rubuta rahoton aiki a kai, na nemo fayil ɗin a cikin saƙonnina, na buɗe shi da manhajar kyauta da ke ciki. Ya buɗu. Shafin farko lafiya lau, sai dai rubutun ya sauya kama, ya ɗan yi ƙiba. Na biyu ma haka. Mama tana tsaye a kaina tana huci. Na ce to ai shi ke nan, na jona igiyar majigi.

Aka rage fitilu. Ga Isileli yana jariri, mata suka ce ayya. Ga shi babu haƙoran gaba, aka yi dariya. Ga shi da rigar ƙwallo, abokansa suka yi ihu suna buga tebur. Hankalina ya fara kwanciya, har na hango Tomasi ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana goge hannu da tsumma, yana jiran shafinsa na alfahari. Na taɓa allon, shafin dangi ya fito.

Abin da ban sani ba, manhajar nan ba ta san wani dusashewa ba. Abin da aka ba ta take zubewa gaba ɗaya. Duk hotunan suka fito lokaci guda, wani kan wani, kamar an jera faranti. Na Gwaggo ya fi kowanne tsawo, don haka daga ƙirji zuwa ƙasa ita ce: farar rigarta, tabarmarta ta gado, takalminta mai duwatsu. Daga ƙirji zuwa sama kuwa wanda ya zo ƙarshe ne a kai. Kawu Manase ne da singileti, tawul a wuya, gumi yana tsiyaya, ya ɗaga kan alade da hannu biyu yana washe baki, haƙorinsa na zinare yana walƙiya. Shi da kansa ya zaɓi hoton, wai ya fi fito da shi. A ƙasa kuma, da manyan haruffa masu ƙyalli: Fahu ɗinmu mai daraja, Kalolaine.

Zauren ya yi tsit. Mu da ko hannu ba ma wucewa da shi ta saman kan babba, yau ga ƙanin uwa a kan fahu, har da alade.

Wata tsohuwa daga cikin mawaƙan coci ce ta fara kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce mata ta hanci. Shi ke nan aka ɓalle. Wasu suka cusa fuska a mayafi kafaɗunsu suna rawa, wayoyi suka tashi sama. Na yi ta dannar allon ya wuce gaba, yatsana yana zamewa don gumi, sai ma na ƙara wa hoton girma, haƙorin Kawu ya cika bango. Na fizge igiyar.

Gwaggo ta miƙe tsaye. Ta cire furen wuyanta ta ajiye a kan faranti, ta ɗauki jakarta, ta ratsa tsakiyar zauren ba gaggawa. Baba ya bi ta a duƙe har bakin mota, ta rufe gilashi yana cikin magana. Ba ta karɓi kek ɗinta ba. Haka muka dawo da shi gida, ya shiga firji ya cinye wurin madara.

Kafin mu gama kwashe kujeru bidiyon ya kai Auckland, ya kai Nuku'alofa can ƙasarmu ta asali, ya dawo min ta guruf ɗin wurin aikinmu. Wani ɗan banza har ya sa masa kiɗa. Tomasi bai iya ko kallona ba a zauren, kujeru kawai yake ta ɗauka kamar shi aka yi wa hayar aikin. Sai da muka isa gida saƙonsa ya shigo.

"Lala, kin ci abinci?"

"Abinci kake tambayata?"

"Laifina ne. Da na yi wa kowa shafinsa daban da ba haka ba."

"Da Filimone ya kawo abin da aka ce ya kawo fa?"

Ya yi ta rubutawa yana gogewa, ina kallo. Daga ƙarshe: "Kin san ba za a faɗi wannan ba."

Na sani. Shi ya sa na kife wayar a kan gado na danne ta da filo.

Ranar Lahadi a coci babu wanda ya kalle mu, kuma babu wanda bai kalle mu ba. Muna dawowa muka tarar da Kawu Manase a bakin gareji da kwalin doya, ƙaton mutum yana kuka da majina, wai shi zai je ya kwanta a ƙofar Gwaggo ta taka shi ta wuce.

"Kai dai tafi gida," in ji Mama. "Fuskar nan taka kada ta sake ganinta sai shekara ta zagayo. Kuma ka daina washe baki a hoto, ka ji na gaya maka."

"Yaya, ni fa ban san..."

"Na ce tafi. Bar doyar."

Bayan an ci abinci Baba ya kira ni falo. Falonmu kun san shi: kujerun da har yau ba a cire musu leda ba, hotunan waɗanda suka rasu a jere a bango kowanne da furen roba, agogon da ke buga waƙar coci. Baba yana zaune bai ko cire kwat ɗinsa ba. Ya ce Gwaggo ta aiko. Gobe da yamma mu je, kuma daga bakina take so ta ji wanda ya haɗa abin.

"Magana ɗaya ce," Mama ta karɓe. "Ki ce Tomasi ne ya haɗa. Ai ba ƙarya kika yi ba."

"Hotuna ya haɗa, Mama. Bai haɗa wancan abin ba."

"Ke dai ki ce shi ne. Baƙo ne, bai san gidanmu ba, ya tafi da laifin can. In ya zauna a kanki ko a kan Manase, ni ce a ciki har in mutu. Gwaggonki cewa za ta yi dangina ne suka shirya mata."

"Sannan Asabar fa?"

Mama ta kalli labule kamar yau ta fara ganinsa. "Maza ba su ƙare ba, Lala."

"Wannan guda ɗaya ne, kuma shi nake so. Me ya sa ba za a ce Filimo..."

Ban ƙarasa ba tafin hannunta ya rufe min baki, yana warin albasa. "Rufa mana asiri! Kina so bango ya kai mata?"

Na zame na tashi. A lungun falo akwai tsohuwar kwamfutar tebur da Mama ta lulluɓe da ƙyalle ta ɗora tulun fure a kai tun Isileli yana sakandare. Na sauke tulun, na kunna ta, ta yi ta gurnani kamar tirelar Baba da safiyar sanyi. Na buɗe fayil ɗin nan dai, ban taɓa komai a ciki ba, na juyo da fuskar kwamfutar wajen Baba.

Waƙar ta fara. Gwaggo ta fito ita kaɗai, tsaye, da kwarjininta, sunanta yana haske. Ta daɗe. Ta dusashe a hankali, marigayi kakanmu ya shigo, sannan Baba da Mama ranar aurensu, haka har zuwa Kawu, ɗan ƙarami a ƙarshe inda ya dace da shi. Wallahi ya yi kyau. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai, a ce aiki mai kyau haka mutum uku ne kawai za su taɓa ganinsa yadda yake. Baba ya ciro hankici ya goge ido.

"Yaron nan ya iya aiki," ya ce.

"Ka gani ko, Baba? Abu ɗaya ne. A nan ya tafi daidai, a tab ya zube. Mu ɗauki kwamfutar mu kai mata ta gani."

Ya girgiza kai. "Gwaggonki ba da na'ura take fushi ba. Na'ura ba ta durƙusawa. Mutum take so."

"To ai ga mutum can a gidanta, yana kwance yana cin abincinta."

"Lala." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ita ta goye ni da mahaifiyarmu ta rasu. Ita ta kawo ni ƙasar nan. Ki taimake ni."

Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda. Da tsawa ya yi min da na fi samun sauƙi. Na mayar da ƙyallen kan kwamfuta, na shige ɗaki. A can na tarar da saƙon Tomasi yana jirana, kamar ya ji abin da ake yi.

"Ki ce ni ne. Zan jure."

"Ba juriyarka nake nema ba, kai nake nema. Kada ka kuskura ka yi wani abu ban sani ba."

"To."

Ni sakarya, na yarda da wannan "to" ɗin na ajiye waya.

Litinin na roƙi a sake ni da wuri daga aiki. Na tarar an riga an loda mota: tabarmi masu kyau da Mama ta daɗe tana ɓoyo ƙarƙashin katifa, naɗin zanen ɓawo, gasasshen alade a kwali, da kek ɗin nan a cinyar Mama. Ta miƙo min wata tsohuwar tabarmar ƙugu, baƙa-baƙa, gefenta duk ya zare, irin wadda ake ɗaurawa a nuna an ƙasƙantar da kai. Na karɓa na ɗaura a kan baƙar riga, ban yi musu ba. Amma da na shiga mota na ciro jan bakina, ja wur, na shafa a madubin gaba.

"Goge wannan abin," in ji Mama.

"Babu tishu."

"Ga hankici."

"Na Baba ne, zai ɓaci."

Baba ya tada mota. Muka kama hanyar gidan Gwaggo a Campbelltown.

A ƙasa muka zauna, kusa da ƙofa, kayan da muka kawo a gabanmu. Gwaggo tana kan babbar kujerarta da mafici a hannu, waya a cinya, ƙafafunta a kan ɗan matashi. Can bayanta a teburin cin abinci Filimone ne zaune da kwanon soyayyar kaza. Ku faɗa min abin da ke buɗe a gabansa. Kwamfutar ce, ta cika da caji tana sheƙi, yana kallon ƙwallon zari-ruga ya kashe sauti. Ko ɗago kai bai yi ya gaida Baba ba.

Baba ya fara ban haƙuri da irin kalmomin da ake yi wa manya. Ya kira kansa bawa, ya kira gidansa turɓaya, ya ce kunyar tasa ce har kabari. Ta bar shi ya yi ta yi har bakinsa ya bushe, tana fifita, tana kallon silin. Ina zaune ina kallon ƙeyar mahaifina a duƙe.

"Ya isa, Sunia," ta ce masa. "Ba kai na kira ba. Heilala."

"Na'am, Gwaggo."

"Wa ya ɗora min alade a ka?"

Mama ta taɓa min gwiwa da ɗan yatsa.

"Gwaggo, na zo in ba ki haƙuri kan kunyar da kika ji, kuma har zuciyata nake ba ki. Ni na jona tab ɗin. Amma babu wanda ya nufe ki da komai. Aiki ne aka yi shi don babbar kwamfuta, aka buɗe shi a ƙaramin allo, ya zube. In kin yarda in nuna miki yadda..."

"Ban tambaye ki karatu ba. Suna na tambaya."

"Ba zan ce Tomasi ba, Gwaggo, don ba shi ba ne."

Mama ta mintsine ni a cinya, irin mintsinin da ke barin shaida. Ban motsa ba. Ina jiran tsawa, sai na ga Gwaggo ta yi murmushi. Ta ajiye mafici, ta ɗora tabarau a kan hanci, ta ɗaga wayarta nesa da fuska.

"Ikon Allah. To ga shi kuwa yaron da safiyar nan ya turo min saƙo, dogo kamar wa'azin Ista. Bari ki ji." Ta gyara murya ta karanta a hankali, tana jan kowace kalma. "'Ranki ya daɗe, kuskuren nawa ne ni kaɗai. Heilala ba ta san komai ba. Ni na ce mata ta yi amfani da tab ɗin.'"

Mutumin da hannunsa ke cikin maiƙon alade lokacin, wai shi ya ce in ɗauko tab. Da yana gabana da na shaƙe shi, sannan in rungume shi, ban san wanda zan fara ba. Na zo nan na ƙi bin uwata, na ƙi jin roƙon ubana don in tsare masa ƙofa, ashe shi tun safe ya zagaya ta baya ya miƙa wuyansa.

Gwaggo ta cire tabarau. "Ɗayanku maƙaryaci ne. In gaskiya ya faɗa, ya wulaƙanta ni a bainar jama'a, ba na ba shi 'ya. In ƙarya ya yi, ya raina ni har cikin wayata, ba na ba maƙaryaci 'ya. Ke za ki faɗa min wanne ne."

Na kalli Mama, ta rufe ido tana motsa leɓe. Na kalli Baba, goshinsa ya kusa taɓa tabarma. Daidai lokacin wani ya ci ƙwallo a can cikin kwamfuta, Filimone ya ɗaga ƙashin kaza sama ya ce "Yawwa!" a hankali.

Wannan "yawwa" ɗin ita ta ƙarasa ni. Na ɗago kai na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tunda na yi wayo.

"Ƙarya ya yi, Gwaggo. Ya yi ta ne don ya rufa wa ɗanki asiri, kamar yadda kowa a ɗakin nan yake yi tun Asabar. Ba shi ya ce in ɗauko tab ba." Ban rage murya ba. "Filimone, kai da ka ce min duk ɗaya ne, ga kwamfutar nan a gabanka. Faɗa wa mahaifiyarka inda take lokacin da ake nemanta."

Mama ta saki wani ɗan ƙara ta dafe ƙirji. Filimone ya tsaya da ƙashi a hannu, baki buɗe, sai kuma ya miƙa ɗaya hannun a hankali ya rufe kwamfutar, kamar hakan zai sa ta ɓace.

Na ɗauka Gwaggo za ta juya ta kalle shi. Ba ta juya ba. Ko gezau wuyanta bai yi ba, a nan na gane ta sani tun farko. Ni ma ba ta kalle ni ba. Baba ta kalla.

"Sunia, ka ji abin da ka haifa. A gidana, a gaban idona." Ta tura kwalin kek da ƙafa ya dawo gabanmu. "Ranar Asabar ko ni in shiga gidanka, ko yaron nan ya shiga. Ɗaya ne zai taka ƙofar. Ka faɗa min yanzu."

Duk hanya ina shirin abin da za a yi min ne, a zage ni, a kore ni, a daina gaishe ni a coci, duk na shirya. Ban taɓa kawowa a raina mahaifina za ta kama ba. Baba ya ɗago a hankali, idanunsa sun yi ja, jijiyar goshinsa ta tashi. Bai kalli yayarsa ba, bai kalle ni ba, tabarmar da ke tsakaninmu yake kallo.

"Lala," ya ce, "je ki jira a mota."

Mama ta miƙo min makulli. Na dubi makullin, na dubi mahaifina. Ina sonsa, Allah ya sani, kuma ban taɓa ƙin tashi ba in ya ce in tashi.

"Lala. Na ce mota."

Na ja tsohuwar tabarmar ƙuguna na gyara ɗaurinta, na naɗe ƙafafuna da kyau.

"Baba, maganar aurena ce," na ce. "A nan zan ji ta."